Ranar da Injiniya Baha Ya Hutar da Kwamfutar Goggo

Duk wanda ya zauna a Briqueterie, wato Brik kamar yadda 'yan unguwa ke yanke sunan, ya san Baha'uddeen. Shekararsa talatin da huɗu, kuma iyakar karatunsa na kwamfuta sati uku ne da ya yi yana tsaron wani shagon intanet a unguwar Elig-Edzoa, kafin mai shagon ya haɗa shi da girman Allah ya je gida ya huta. Tun daga ranar ya sayi tabarau marar magani, ya rataya kebul a wuya kamar likita, ya ce a riƙa kiransa Injiniya.

Ƙanwar ubansa, Goggo Salwa, ita ke ba da hayar kujeru da rumfuna da sono, wato lasifiku da makirufo. Mai kula mata da sonon wani shiru-shiru ne, Isma'ila. Shi ya tsara yadda murya za ta fita daga makirufo ta shiga kwamfuta, a tace ta, sannan ta faɗa lasifika tas kamar ta gidan rediyo. Ran Juma'a matar Isma'ila ta haihu a Ngaoundéré, ya hau jirgin ƙasa. Kafin ya tafi ya daidaita komai, ya manna takarda a murfin kwamfutar: "Ne pas toucher. Kunna kawai." Wato kar a taɓa komai.

Ga shi kuma ran Lahadi bayan la'asar akwai taron da duk Brik ke jira. Sati shida ke nan ana gaba tsakanin masu soya na unguwar, wato masu gasa tsire, da mahautan unguwar Etoudi. Babba Sali, shugaban masu soya, shi ya ce naman Etoudi na bana kamar tayar benskin yake, babur ɗin haya. Maganar ta kai kunnen Alhaji Mohaman Bello, babban mahautan Etoudi, ya ce masu soyan Brik ba gashi suka iya ba, barkono suke tulawa don ya ɓoye laifinsu. Daga nan ko ƙashi bai sake fitowa daga Etoudi zuwa Brik ba. Tukubai suka yi sanyi, magidanta suka fara zaman gida. Da ƙyar wani dattijo, Malam Nu'man, ya shawo kan su biyun suka yarda a yi sulhu a gaban jama'a.

Da hantsin Lahadi Goggo ta kira Baha tsakar gidanta, ta nuna masa kwamfutar.

"Aikinka ɗaya ne. Ka danna nan, ka zauna, ka naɗe hannu. Ka iya naɗe hannu?"

"Haba Goggo! Injiniya guda kike tambaya?"

"Shi ya sa nake tambaya."

Baha ya buɗe murfin, ya danna nan ya danna can, sai ya dafe ƙirji.

"Innalillahi! Trente pour cent! Goggo, Isma'ila na kashe miki kaya. Proseso, wato ƙwaƙwalwar na'urar, kashi talatin cikin ɗari yake aiki, ga shi ko tari ba a yi a makirufo ba. Laifin pilot ne."

"Wane pilot? Na jirgin sama?"

"Na cikin kwamfuta. Kowane abu da nasa: na murya daban, na allo daban. Su ne 'yan aike tsakanin ƙwaƙwalwar da kayan aiki. Akwai su goma sha bakwai a nan ciki, duk na san halinsu."

"Su goma sha bakwai, kuma ban taɓa ba su ko shayi ba?"

Baha ya gyara tabarau. Wannan ɓangaren ya taɓa jin wani yana bayaninsa, ya haddace.

"Ki ɗauka pilot ɗin murya mai ɗibar ruwa ne. Yana tara murya a bokiti kafin ya juye a lasifika. In bokitin ƙarami ne, murya na isa da wuri, amma sawu ya yi yawa, proseso ya galabaita. In babba ne, proseso ya huta, amma sai an jira ya cika. Isma'ila ya tsaya a tsakiya, a deux cent cinquante-six, kamar matsoraci. Ni kuwa zan sa murya ta riga baki fita, proseso kuma yana barci a zéro."

"To in bokiti ƙarami na gajiyarwa, babba na makara, wanne ne naka?"

"Sirrin sana'a ne, Goggo."

"Baha'uddeen, karanta mini takardar nan."

"Ai don jahilai ya rubuta."

"Shi ya sa na ce ka karanta."

Ta ɗauki mayafinta ta fita duba masu kafa rumfa. Baha ya bi bayanta da kallo har ta sha kwana. A ransa ya riga ya hango yammacin yau: manyan Etoudi da na Brik suna tambaya, wane ne wannan da ya sa muryar Alhaji ta zama kamar zuma? Daga nan sai manyan taruka, sai mota, sai ofis mai sanyi. Ya ɓare takardar Isma'ila ya goge tabarau da ita.

Ya fara da ƙaramin bokiti. Ya ja lambar daga ɗari biyu da hamsin da shida ya dire ta a goma sha shida. Nan take fankar kwamfutar ta ɗauki kuka kamar injin markaɗe, proseso ya haye ɗari bisa ɗari ya zauna. Baha ya jona makirufo na gwaji a gefen kwamfutar, ya yi gyaran murya.

"Allô, allô. Un, deux."

Abin da ya fito daga lasifikan bai yi kama da na ɗan Adam ba. Kamar an jefa kwaɗi ne cikin tafasasshen mai. Kajin gidan suka watse, wani jariri a maƙwabta ya tsandara ihu, telan da ke bayan gida ya leƙo da almakashi a hannu. Fanta, mai sayar da folere, wato zoɓo mai sanyi, a gidan da ke jikin nasu, ta ɗago kai ta kan katanga.

"Injiniya, lafiya? Aljani kake cirewa?"

"Gwaji nake, Fanta. Ba fanninki ba ne."

"To gwajin ya sa kakata ta yi kalmar shahada sau biyu. Kuma abin naka hayaƙi zai yi, daga nan nake jin ƙauri."

Ya taɓa ƙasan kwamfutar, ya janye hannu da sauri. Da za a fasa ƙwai a wurin da ya soyu.

"Zafin ƙarfi ne. Miƙo mini folere mai ƙanƙara guda shida."

"Ƙishi ne haka?"

"Ba ni zan sha ba."

Ya jera ƙullin foleren a kan farin ƙyallen tebur ɗin Goggo, wanda aka wanke aka goge don manyan baƙi, ya ɗora kwamfutar a kai. Kafin minti biyar ƙanƙara ta narke, leda biyu suka fashe, jan ruwa ya malale ƙyallen yana ɗiga ƙasa.

"Jama'a ku zo!" in ji Fanta. "Injiniya ya yanka kwamfutar Goggo!"

Sai ga wayar Goggo. Tun daga bakin titi ta ji ƙarar.

"Baha'uddeen, in na sake jin ko ƙit daga lasifikan nan kafin la'asar, wallahi da muciya zan dawo."

"Goggo, ai an gama matakin farko ne."

Ta kashe wayar. Baha ya kife ƙyallen, jan ya koma ƙasa, ya goge gindin kwamfutar da hularsa. Tunda ƙaramin bokiti ya ƙi, ai sai babba. Ya ja lambar har ƙarshen inda take iya zuwa. A ƙasanta ya ga wani ɗan gurbi an rubuta "marge de sécurité", wato tazarar tsaro, da wasu haruffa biyu ƙanana da bai kula da su ba. Tsaro ai ba ya yawa, in ji shi, ya rubuta dubu huɗu. Fanka ta yi tsit. Proseso ya sauko kashi tara.

"Fanta! Neuf pour cent!"

"Allah ya sanya alheri. Na mene ne?"

Baha bai gamsu ba, don tara ba sifiri ba ce. Ya buɗe jerin pilot ɗin nan goma sha bakwai ya shiga sallamar malalata. Na kyamara, tafi. Na injin buga takarda, tafi. Duk wanda sunansa bai yi masa daɗi ba, tafi. Ya sallami tara, proseso ya dawo kashi biyar. Gwada murya kuwa bai yi ba, saboda muciya.

Bayan la'asar layin masu soya ya cika maƙil. An tare titi da bencina. Manya na gaba a ƙarƙashin rumfa, inda ake jin mai magana baki da baki. Matasan Etoudi da na Brik kuwa suna can baya, kowane ɓangare da gefensa, ba abin da ke isa gare su sai ta lasifika. Baha ya kafa teburinsa a gefen rumfa, ya sa babbar riga, ya juya allon yadda masu wucewa za su gani. Da ya ga mutum biyar sun tsaya kallo, sai kansa ya kumbura.

"Ku matso ku ga aiki. Saura malalata biyu."

Ya sallami wani mai dogon suna. Ya sallami na ƙasansa, mai sunan da ya fi tsawo. Proseso ya sauka kashi uku. Ya naɗe hannu yana murmushi, karo na farko da ya bi umarnin Goggo. Bai san cewa na farkon shi ne pilot ɗin maɓallan rubutu ba, na biyun kuma na ɗan faifan da ake shafawa da yatsa.

Malam Nu'man ya miƙe da makirufo, ya ɗaga hannu.

"Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina."

Na gaba suka ce amin ƙasa-ƙasa. Ɗaruruwan da ke baya kuwa shiru, suna kallonsa. Malam ya ɓata rai.

"Ko so kuke mu shekara muna gaba?"

"AMIN!" in ji na baya gaba ɗaya, don sai a lokacin addu'ar ta iso musu.

Malam Nu'man ya dubi jama'a, ya dubi makirufo, ya ji muryarsa na tambayar ko so ake a shekara ana gaba alhali bakinsa a rufe yake. Ya yi a'uziyya ya miƙa wa Babba Sali, ya zauna. Goggo, daga cikin mata, ta juyo ta kafa wa Baha ido. Ya ɗaga mata babban yatsa.

Babba Sali ya kwana uku yana haddar abin da zai faɗa, don haka bai saurari komai ba sai kansa. Ya tsaya gaban Alhaji Mohaman Bello.

"Ni na ce naman Etoudi kamar tayar benskin yake." Ya sunkuyar da kai. "Ƙarya na yi, na janye."

Ya yi murmushi, ya dafa kafaɗar Alhaji. A daidai wannan lokacin lasifiku huɗu suka sanar da duk Brik cewa naman Etoudi kamar tayar benskin yake. Abin da matasan Etoudi suka gani shi ne mutum yana zagin namansu yana dariya, yana kuma bubbuga kafaɗar ubangidansu. Suka miƙe da ihu, ihun ya haɗiye janyewar, ba wanda ya ji ta. Matasan Brik su ma suka miƙe. Wani ya ɗaga kujerar Goggo sama.

"Ajiye mini kujera, ɗan nema!" in ji Goggo.

Alhaji Mohaman Bello, dogon mutum mai saurin fushi, ya fizge makirufo ya taka har gaban lasifika don yaransa su gan shi.

"Ku zauna!"

Ba wanda ya zauna. Ya buɗe baki zai ƙara, sai wata murya mai kauri ta daka masa tsawa daga bayansa: "Ku zauna!"

Alhaji ya waiwaya. "Wane ne ke kwaikwayona?"

Ya zuba ido cikin masu soya yana neman mai laifin.

"Wane ne ke kwaikwayona?" in ji muryar.

"Kai, ni sa'anka ne?"

"Kai, ni sa'anka ne?"

"Ubanka!"

Da yake a bakin lasifika yake tsaye, makirufo ya sake ɗaukar abin da ya fito ya mayar cikin bokiti. Kalmar ta fita, ta dawo, ta sake fita. Ubanka. Shiru. Ubanka. Shiru. Ubanka. Kowane ɓangare ya ɗauka da shi ake. Aka fara naɗe hannun riga, mata suka fara janye yara, wani mai benskin da ya tsaya kallo ya juya babur ɗinsa ya gudu.

Baha ya kai yatsa kan faifan. Kibiyar allo ba ta motsa ba. Ya shafa, ya murza, ya tofa yawu ya goge. Ya daddanna maɓallai da yatsa goma. Ko gezau. Allon dai na nuna masa kashi uku, cikin kwanciyar hankali. Gumi ya jiƙa babbar rigar. Ya durƙusa, ya kwantar da kai a kan tebur don kada a gan shi, ya kira Isma'ila.

"Ka taɓa?" Abin da Isma'ila ya fara faɗa ke nan, ko sallama babu.

"Ban taɓa ba, daidaitawa na yi. Na sa dubu huɗu a wurin tsaro."

"Dubu huɗu? Sakan huɗu ke nan! Kowa zai yi magana, sai bayan sakan huɗu a ji shi. Mayar da shi yanzu."

"Faifan ya ƙi motsi."

"Me ka yi wa pilot ɗinsa?"

A can gaban rumfa, Malam Nu'man ya samu ya ƙwace makirufo daga hannun Alhaji ya kashe shi. Zagin ya yi ta raguwa har ya mutu. Malam ya ɗaga sandarsa sama, wuri ya yi tsit, irin shirun da ke zuwa kafin a fara doke-doke. Baha bai lura ba. Bakinsa na dab da makirufon gwajin nan da ya jona da safe, wanda tun ɗazu hayaniya ce kawai ke rufe shi.

"Isma'ila, ka rufa mini asiri," ya ce cikin raɗa, da sauri. "Na sallami pilot goma sha ɗaya, ni na sa muryar kowa ke makara. Amma tsofaffin nan biyu ba su gane komai ba, da mai naman taya da mai barkonon ɓoye laifi. Zan ce 'yan Etoudi ne suka taka waya. Kar dai ka gaya wa Goggo."

Yana cikin faɗar haka ya ji wata raɗa mai girman gida ta taso daga kusurwa huɗu na titi: "Isma'ila, ka rufa mini asiri."

Ya ɗago kai. Ya ga ɗan jan haske na makirufon yana kallonsa. Ya san abin da ke cikin bokiti, ya san kuma ba mai hana shi juyewa. Ya fizge makirufon ya cusa a aljihu, muryar ta ci gaba. Ya ruga ya rungume lasifika mafi kusa, ya lulluɓe ta da babbar riga, sauran ukun suka ci gaba. Ya shiga tari da ƙarfi, yana rera "un, deux, un, deux". A banza. Brik da Etoudi suka saurari komai, daga pilot goma sha ɗaya har zuwa mai naman taya da mai barkonon ɓoye laifi, aka rufe da "Kar dai ka gaya wa Goggo."

Goggo Salwa ta taso a hankali, ta ratsa kujeru, ta sunkuya ta zare wayar wuta daga soket.

"Na ji," ta ce.

Fanta ce ta fara fashewa da dariya. Daga nan ta bazu kamar wuta, gefen Brik da gefen Etoudi, har wanda ya ɗaga kujera ya sauke ta ya zauna a kai yana riƙe ciki. Alhaji Mohaman Bello bai yi dariya ba. Ya dubi Babba Sali.

"Sali, ashe ka janye?"

"Na janye, Alhaji. Na'ura ce ta riƙe."

"To wanda ya zagi ubana fa?"

"Kai ne, Alhaji."

Alhaji ya lissafa abin a ransa. Sannan ya nuna Baha, wanda har yanzu ke rungume da lasifika.

"Wannan ɗan waye?"

"Ɗan wana ne," in ji Goggo. "Amma yau na ba ku shi kyauta."

"Ranka ya daɗe," in ji Baha, "a fannin kimiyya, abin da ya faru ana kiransa..."

"Rufe mini baki! A'a, tsaya. Buɗe shi. Tunda ka kashe mana sono, kuma Allah ya ba ka murya, kai ne sono."

Matasa biyu, ɗaya na Brik ɗaya na Etoudi, suka ɗaga shi cak suka ɗora a kan tebur, a kan jan ƙyallen. Aka ce duk abin da manya suka faɗa, ya kwarara wa na baya, kalma da kalma. Haka aka yi sulhun. Babba Sali ya janye tayar benskin, Baha ya kwarara. Alhaji ya janye barkono, ya ce gobe da asuba nama zai iso Brik, Baha ya kwarara, aka yi tafi. Dattijai bakwai suka yi jawabi, kowanne ya fi na gabansa tsawo, wani ma da Fulatanci. Kafin magariba muryar Injiniya ta koma kamar ta zakaran da ya sha ruwan sama.

Da aka zo tashi, Alhaji ya riƙe hannun Babba Sali, ya ɗago kai ya dubi tebur.

"Saura sanarwa ɗaya. Faɗa musu: Baha'uddeen ba injiniya ba ne, sakarai ne."

Baha ya waiga neman mai ceto. Ya dubi Malam Nu'man, Malam ya dubi sama. Ya dubi Babba Sali, Babba ya ce, "Kalma da kalma, ɗana."

Ya cire tabarau, ya rufe ido, ya tattara ɗan abin da ya rage a maƙogwaronsa.

"Baha'uddeen ba injiniya ba ne, sakarai ne!"

"Mun shaida!" in ji na gaba.

Ya fara laluben hanyar sauka. Goggo, tana tattara kujeru, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Na baya ba su ji ba," ta ce. "Maimaita."